Me ya haɗa garkuwar jiki da ciwon gaɓoɓi?

Wata baiwar Allah, malamar firamare mai shekara 38, ta aiko da tambaya. Wata biyar ke nan yatsunta da wuyan hannayenta duka biyu suna kumbura, da asuba kuma su sanƙare, sai ta fi awa guda kafin ta iya dunƙule hannu. Ko alwala da ƙyar take yi. Likitan da ta gani ya ce yana zargin garkuwar jikinta ce take taɓa gaɓoɓin, ya rubuta mata gwajin jini, ba ta je ba tukuna. Mahaifiyarta ta ce sanyi ne. A yanzu kullum tana shan haɗin da mai kemis yake ba ta. Tana so ta sani: yaya za a yi garkuwar jiki, wadda aka ce ita ke kare mutum, ta zama ita ke sa shi ciwo? Kuma me ya sa wani lokaci kumburin yakan sauka amma ciwon yana nan?

Malama, sannu da jiki. Allah ya ba ki lafiya, ya sa kaffara ne. Tabbatar da sunan cutar sai wanda ya riƙe hannunki ya duba, ya kuma ga sakamakon gwaji. Amma zargin likitanki yana kan hanya, kuma tambayoyinki biyu tushensu ɗaya: ƙwayoyin garkuwar jiki da jijiyoyin da ke ɗaukar saƙon ciwo suna magana da juna dare da rana. Mutane da yawa suna ɗauka kumburi ne yake matse wuri shi ya sa ake jin zafi. Matsin yana nan, amma ƙaramin rabo ne. Babban rabon daga waccan maganar yake fitowa.

Bari mu fara gyara kalma. Mukan ce kumburi, alhali kumburi alama ɗaya ce cikin huɗu. Ƙafar mai ciwon zuciya ko ta mai tsohon ciki tana kumbura, amma ruwa ne kawai ya taru, babu zafi, babu zogi. Abin da muke magana a kai shi ne wanda Bahaushe yake nufi idan ya ce ciwo ya ruru, kamar yadda wuta take ruruwa. Dubi maruru. Wurin ya yi ja, ko a baƙar fata ya yi duhu yana ƙyalli, ya ɗau zafi, ya tasa, yana zogi. Wani marubucin Rumawa mai suna Celsus ya lissafa waɗannan alamomi huɗu tun ƙarni na farko miladiyya, daga baya aka ƙara ta biyar, wato gaɓar ta kasa aikinta. Kalmar da likitoci suke amfani da ita ma daga Latin ta fito, ma'anarta cinna wuta. Don haka zan riƙa cewa ruruwa.

A ce kin taka ƙaya. A ƙarƙashin fatarki akwai ƙwayoyin garkuwa da suke zaune tun kafin ƙayar ta zo, kamar 'yan sintirin unguwa. Akwai makrofaj, babbar ƙwaya mai haɗiye duk baƙon abu, akwai kuma wadda ake kira mast, cike take da ƙunshin sinadarai tana jiran dalili. Wanda ya fara fahimtar aikin masu haɗiyar nan wani masani ne ɗan daular Rasha, Elie Metchnikoff. A 1882, a garin Messina na Italiya, ya soka ƙaya a jikin 'ya'yan wata halittar teku mai siffar tauraro, waɗanda jikinsu garai yake ana hango ciki. Washegari ya tarar da ƙwayoyi sun yi wa ƙayar dandazo. Wannan aikin ne ya kai shi ga kyautar Nobel a 1908.

'Yan sintirin nan abu biyu suke ganewa. Na ɗaya alamar ƙwayar cuta, kamar ɓawon bakteriya. Na biyu kayan cikin ƙwayoyin jikinmu da suka fashe, abin da ya kamata ya kasance a ciki sai ga shi a waje. Ki riƙe na biyun, domin shi ne dalilin da wuri yake ruruwa ba tare da ko ƙwayar cuta ɗaya ba, kamar a targaɗe ko ƙuna. Da zarar sun gane, sai su yi yekuwa, kuma yekuwar tasu da sinadarai suke yin ta: histamin, furostagilandin, da wasu ƙananan furotin da ake kira saitokin, manyansu TNF da IL-1 da IL-6. Hanyoyin jinin wurin su buɗe, jini ya kwararo, ga ja da zafi. Bangon hanyoyin ya saki, ruwa ya tsiyayo cikin tsoka, ga kumburi. Cikin 'yan awoyi fararen ƙwayoyin jini da ake kira nutrofil su iso da gudummawa. Mugunyar da kike gani a maruru yawancinta gawarwakinsu ne. Kaluluwar da ke fitowa a matsematsi idan ƙafa ta yi gyambo kuwa, sansani ne inda wasu ƙwayoyin garkuwar suke hayayyafa.

Saura ta huɗun, wato ciwon kansa, kuma a nan nake so mu daɗe.

A Hausa jijiya ɗaya muke ce wa hanyar jini da agara da kuma zaruruwan da ke kai saƙo ƙwaƙwalwa. Waɗannan na ƙarshe nake nufi. A cikinsu akwai sirara sosai waɗanda aikinsu kawai su ji abin da zai cutar, su aika labari laka, wato igiyar da ke cikin ƙashin baya, laka ta miƙa ƙwaƙwalwa. A bakin kowace irin wannan jijiya akwai 'yan ƙofofi, kowace da abin da yake buɗe ta. A 1997 David Julius da abokan aikinsa a Jami'ar Kalifoniya da ke San Faransisko suka gano ɗaya daga cikinsu, aka sa mata suna TRPV1. Da sinadarin barkono suka nemo ta. Sai ya bayyana cewa ƙofar da barkono yake buɗewa ita ce dai zafin wuta yake buɗewa idan ya kai wajen digiri 43. Ashe da muke cewa attaruhu yana da zafi, daidai muka faɗa, jijiyar ba ta bambanta su. Julius ya karɓi Nobel a 2021 tare da Ardem Patapoutian.

To, abin da sinadaran ruruwa suke yi shi ne su sassauta sakatar wannan ƙofa. Ƙofar da ba ta buɗewa sai a digiri 43 za ta koma buɗewa a ƙasa da 37, wato ɗumin jikinki na yau da kullum ya isa ya buɗe ta. Shi ya sa wurin da ya ruru yake raɗaɗi ko ba a taɓa shi ba, ruwan ɗumin da jiya kika yi wanka da shi yau ya zama kamar tafasasshe a kan ƙuna. Wasu ƙofofin masu jin matsi su ma haka suke sassautawa, taɓawar mayafi ta zama suka. Kamar unguwar da ɓarayi suka shiga jiya ce, yau ko akuya ta goga ƙyaure sai an yi ihu.

Wani likita ɗan Birazil, Sérgio Ferreira, ya nuna wannan a fili a 1972 lokacin da yake aiki a Landan. Ya shigar da furostagilandin kaɗan-kaɗan ƙarƙashin fatar mutane, sai ya ga shi kaɗai bai kawo wani ciwo na a zo a gani ba, amma wurin ya zama ɗan matsi kaɗan ko ɗigon wani sinadarin sai ya yi zafi ƙwarai. Wato furostagilandin ba shi ne mai dukan ba, shi ne mai tsiraita jijiya ta yadda kowane duka zai shige ta. A 1988 Ferreira ya sake nuna cewa IL-1 ma yana yin haka, da ƙarfi sosai. Daga baya aka tabbatar cewa jijiyoyin ciwo suna ɗauke da makarɓar TNF da IL-1 da IL-6 a jikinsu, wato suna jin yaren ƙwayoyin garkuwa kai tsaye ba tare da tafinta ba.

A gaɓoɓi akwai ƙarin wani abu da ya shafe ki. Wasu masana biyu a Jamus, Hans-Georg Schaible da Robert Schmidt, sun gano a shekarun 1980 cewa a cikin gaɓa akwai jijiyoyin ciwo masu yawa da suke barci. Gaɓa mai lafiya ko an lanƙwasa ta da ƙarfi ba sa motsi. Idan gaɓar ta ruru sai su farka, daga nan ɗan motsin riƙe alli ko murɗa famfo ya ishe su su aika saƙo.

Kada ki ɗauki wannan tsari a matsayin kuskuren halitta. Rahama ce. Ciwon shi yake hana ki taka ƙafar da ta karye har ta ɗore. Duk wanda ya yi aiki da masu kuturta ya san abin da rashin jin ciwo yake jawowa: cutar ta lalata jijiya, mutum ya ɗauki tukunya mai zafi bai ji ba, ya taka ƙusa ya wuni da ita a ƙafa, sannu a hankali yatsu su tafi. Haka ƙafar mai ciwon suga da ya daɗe. Akwai ma wani gyambo da ake kira Buruli, ana samunsa a Gana da Kwaddibuwa da Benin da Kamaru da kudancin Najeriya, wanda ƙwayar cutarsa take fitar da guba mai kashe kaifin garkuwa ta kuma rufe bakin jijiya. Gyambon ya yi ta cin fata babu zafi, mai shi ba ya zuwa asibiti sai ya yi faɗi.

Idan yekuwar ta cika jini maimakon ta tsaya wuri ɗaya, jiki duka ne yake amsawa. Kowa a cikinmu ya san tsamin jikin zazzaɓin cizon sauro, gaɓoɓi kamar an yi wa mutum duka, kai yana sarawa, baki ɗaci. Ƙwayar maleriya ba ta shiga gwiwa. Jajayen ƙwayoyin jini ne suke fashewa, makrofaj su ga tarkacen su zuba TNF da IL-1 da IL-6 cikin jini, waɗannan su sa a ƙera furostagilandin a ƙwaƙwalwa, ma'aunin zafin jiki ya hau, jijiyoyin ciwo na ko'ina su yi laushi. A sikila ma ba toshewar hanyar jini kaɗai ba ce take sa yaro kuka, fararen ƙwayoyin jini suna manne wa bangon hanyar suna rura wurin.

Maganar kuma ba daga ɓangare ɗaya take ba. Jijiyar da aka tsokana ita ma tana zuba nata sinadaran a wurin, musamman wani da ake kira CGRP, su ƙara buɗe hanyoyin jini su zuga ƙwayoyin mast. Garkuwa ta tayar da jijiya, jijiya ta tayar da garkuwa. Abin da ya fi burge ni a wannan fanni shi ne cewa ƙwayoyin da suka kawo ciwon su ne kuma suke tafe da maganinsa. Christoph Stein ya nuna a Jamus wajen 1990 cewa fararen ƙwayoyin jini da suka taru a wurin da ya ruru suna sakin sinadarai dangin mofin, irin wanda jiki yake ƙerawa da kansa, su lallashi jijiyar. Charles Serhan na Jami'ar Harvard kuma ya gano wasu sinadarai da jiki yake yi daga kitse, waɗanda aikinsu su ce wa nutrofil ya isa haka, su sa makrofaj share fili. Ruruwa mai lafiya tana da farko, tana da tsakiya, tana da ƙarshe, kuma ƙarshen aiki ne da jiki yake yi da gangan, ba mutuwar wuta don itace ya ƙare ba.

Yanzu mu dawo hannunki. Alamomin da kika faɗa, ƙananan gaɓoɓi, dama da hagu tare, sanƙarewar safe da ta wuce awa, watanni ana abu ɗaya, sun yi kama da cutar da likitoci suke kira rumatoyid, wani nau'in amosanin gaɓoɓi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum miliyan 18 ne suke da ita a 2019, kusan kashi 70 cikin ɗari mata. Akwai wasu cututtukan da suke fara kama da ita, kamar lufus, shi ya sa gwajin yake da muhimmanci. A rumatoyid garkuwar jiki takan ɗauki wasu furotin na jikin mai ita a matsayin baƙi. Siririn tantanin da ya lulluɓe gaɓa daga ciki ya cika da ƙwayoyin garkuwa, ya yi kauri, ya riƙa zubar da TNF da IL-6 babu tsayawa. Ƙaya ana cire ta wuta ta mutu. A nan abin da ake yaƙa ɓangaren jiki ne, ba ya ciruwa, don haka umarnin tsayawa ba ya zuwa. Idan aka bar shi, tantanin nan yana cin guringuntsi, yana kuma zuga ƙwayoyin da ke narkar da ƙashi, har yatsu su karkace.

Sanƙarewar asuba ma tana da dalili. Jiki yana da nasa sinadarin kwantar da ruruwa, kotisol, wanda yake sauka ƙasa sosai a tsakiyar dare. A wannan tsakanin IL-6 yake hawa, ya kai ƙololuwa gab da asuba. Ga shi kuma gaɓar ta kwana ba motsi, ruwa ya taru a ciki. Wannan ya bambanta da ciwon gwiwar tsufa na zaizayar guringuntsi, wanda sanƙarewarsa ba ta cika wuce rabin awa ba, kuma aiki ne yake tayar da shi. Naki motsi ne yake sassauta shi.

A ƙarshen shekarun 1980 Marc Feldmann da Ravinder Maini, a Cibiyar Kennedy da ke Landan, suka ɗauko tantanin gaɓar marasa lafiya suka toshe TNF a ciki, sai suka ga IL-1 ma ya yi ƙasa. Suka fahimci TNF ne jagaban yekuwar. A 1992 suka gwada maganin da ke kama TNF a kan mutum 20, sakamakon ya sauya yadda ake kula da cutar a duniya. Wani bincike da aka yi a Erlangen ta Jamus, aka buga a 2011, ya taɓa tambayarki kai tsaye. An ɗauki hoton aikin ƙwaƙwalwar masu rumatoyid kafin a ba su wannan magani da bayansa. Cikin awa 24 sassan ƙwaƙwalwa masu karɓar ciwo sun lafa, marasa lafiyar sun ce sun ji sauƙi, alhali kumburin gaɓoɓin yana nan yadda yake. Ciwo da kumburi 'yan gida ɗaya ne amma kowa da hanyarsa. Ɗaya yana iya tafiya ya bar ɗaya.

Juyin wannan shi ne tambayarki ta biyu, kumburi ya sauka ciwo ya zauna. A 1983 Clifford Woolf ya nuna a Landan cewa idan saƙon ciwo ya yi ta dukan laka, ita kanta lakar tana canzawa. Tashoshin da ke karɓar saƙon su ƙara masa amo kafin su miƙa shi sama, har taɓawa mara cutarwa, ko taɓa wurin da ke gefen ciwon, a karanta ta a matsayin zafi. Laka da ƙwaƙwalwa suna da nasu ƙwayoyin garkuwa, maikrogiliya. A 2003 Makoto Tsuda da Kazuhide Inoue a Japan suka nuna a jikin ɓeraye cewa bayan an ji wa jijiya rauni, waɗannan ƙwayoyi suna farkawa su riƙe ciwon, idan aka kwantar da su ciwon ya ragu. A 2015 ƙungiyar Jeffrey Mogil a Jami'ar McGill ta Kanada ta ƙara wani abin mamaki: a mazan ɓeraye maikrogiliya ne suke wannan aiki, a matan kuwa wasu fararen ƙwayoyin jini ne daban. Shekaru da yawa maza kaɗai ake gwaji da su, alhali mata sun fi yawa a cikin masu daɗaɗɗen ciwo.

Saboda haka idan kumburinki ya sauka ciwo bai tafi ba, abu uku nake tunani. Ko ruruwar tana nan a ƙasa, ido ba ya gani sai gwaji ko na'urar hoto. Ko gaɓar ta riga ta samu lahani. Ko kuma jijiyoyi da laka sun saba da ihu. Na ukun ba ƙarya ba ne, ba raki ba ne, ba kuma shafar aljanu ba. Yana ɓata min rai in ga an ce wa mace gwajinki lafiya lau, ki je ki kwantar da hankalinki, alhali ciwon na gaske ne. Sai dai maganinsa daban. Ƙara ƙwayar kashe ruruwa ba ya taɓa shi. Barci mai kyau, motsa jiki a hankali, da wasu magunguna masu aiki a kan jijiya irin su amitiriftilin, su ne suke taimakawa. Kuma gwargwadon daɗewar da wutar ta yi tana ci, gwargwadon yadda lakar take koyon wannan hali. Wannan kaɗai ya isa dalilin da zai sa kada ki ƙara jinkiri.

Haɗin kemis ɗin nan shi ya fi damuna a duk wasiƙarki. A irin ledojin da marasa lafiya suke kawo min, yawanci nakan tarar da diklofenak ko ibufurofen ko firoksikam, wani lokaci biyu a haɗe, da farasitamol, da wata 'yar ƙaramar ƙwaya wadda idan aka bincika firednisolon ce ko deksametason. Wani har da tiramol.

Ukun farkon dangin asfirin ne. John Vane ya gano a 1971 cewa aikinsu hana jiki ƙera furostagilandin, ta hanyar toshe wani injin sinadari da ake kira COX. Suna mayar da sakatar ƙofar nan, shi ya sa kike jin sauƙi. Amma furostagilandin ɗin dai shi ne yake sa tumbi ya yi majinar da ke kare shi daga ruwan tsami, shi ne kuma yake riƙe hanyar jinin ƙoda a buɗe idan ruwan jiki ya yi ƙasa. Mai shan su kullum, musamman da zafin bazara ko da azumi ko a kan yunwa, yana kasadar gyambon ciki mai zubar jini da ciwon ƙoda da hawan jini. Haɗa biyu ba ya ƙara sauƙi, illar yake ninkawa. An taɓa ƙera wani mai suna Vioxx don ya kauce wa tumbi, amma a watan Satumba na 2004 aka janye shi daga kasuwa saboda bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki. Babban abin kuma, waɗannan magunguna ba sa taɓa TNF, ba sa hana ƙashi cinyewa. Ihun suke ragewa, ɓarayin suna cikin gida.

'Yar ƙaramar ƙwayar kuwa dangin kotisol ce, ita ce dai wasu mata suke sha don ƙiba suna ce mata sha-ka-fashe. Tarihinta da cutarki a haɗe yake. Philip Hench na asibitin Mayo a Amurka ya lura cewa masu rumatoyid sukan samu sauƙi idan sun ɗauki ciki ko sun yi ciwon shawara, ya yi ta neman sinadarin da jiki yake fitarwa a lokacin. A watan Satumba na 1948 ya yi wa wata mata da cutar ta kwantar allurar kotison, cikin 'yan kwanaki ta miƙe tana tafiya. Nobel ta biyo baya a 1950, illolin ma ba su jima ba suka bayyana: fuska ta cika ta yi fam, suga da hawan jini, ƙashi ya yi rauni, yanar ido, cututtuka su samu ƙofa. Muna amfani da ita har gobe, amma da awo, na ɗan lokaci, kafin maganin asali ya kama. Ki lura da wannan da kyau: idan kin yi makonni kina shan ta, kada ki daina rana ɗaya. Jikinki ya rage ƙera nasa kotisol ɗin, yankewa farat ɗaya tana iya sa jini ya faɗi mutum ya galabaita. Likita ne zai rage miki ita mataki-mataki.

Akwai wani bincike na 2022 daga ƙungiyar Luda Diatchenko, ita ma a McGill, da ya sa likitoci da yawa sake tunani. Sun bi mutum 98 masu sabon ciwon baya tsawon wata uku. Waɗanda suka warke su ne waɗanda nutrofil ɗinsu suka tashi da ƙarfi da farko sannan suka kwanta. A ɓeraye kuma, danne ruruwar tun farko da deksametason ko diklofenak ya kawo sauƙi nan take amma ya tsawaita ciwon. Wannan magana ce ta rauni na ɗan lokaci, inda wutar take da ranar mutuwa. Taki wutar ba ta mutuwa da kanta, kashe ta ake yi, kuma da maganin da ya dace.

Game da maganar Hajiya mahaifiyarki cewa sanyi ne, ba ta yi kuskuren gani ba. Masu wannan cuta da yawa sun fi jin jiki da hunturu, kuma jijiyar da ta yi laushi tana amsa sanyi fiye da mai lafiya. Sai dai sanyi ba shi ya kawo cutar ba, don haka rufe jiki da ƙaurace wa ruwan randa ba za su kore ta ba. Man zafi yana ɗauke hankalin jijiyoyin fata ne, babu laifi ki shafa. Ƙaho da tsaga kan kawo sauƙin ɗan lokaci, domin sabon zafi yana danne tsoho a laka, amma ba sa kaiwa tantanin gaɓa, kuma askar da ba a tsabtace ba tana yaɗa ciwon hanta. Ki yi wa Hajiya bayani cikin ladabi, in da hali ku je asibitin tare.

Gwajin da aka rubuta miki mai yiwuwa ya ƙunshi ESR da CRP, masu auna ƙarfin ruruwa a jini, da RF da anti-CCP, masu neman makaman da garkuwa ta ƙera a kan jikinta. Wasu suna da cutar amma biyun ƙarshe ba su nuna ba, don haka hannun likita yana gaba da takarda. Ki nemi a tura ki wajen ƙwararren likitan gaɓoɓi a asibitin koyarwa mafi kusa da ke. Watannin farko su ne lokacin da magani ya fi hana lahani, ƙashin da ya cinye kuwa ba ya dawowa. Tun ran gini tun ran zane.

Ginshiƙin magani a duniya duka shi ne metotirekset, kuma ba shi da tsadar alluran toshe TNF. Sau ɗaya a mako ake shan sa, ba kullum ba, shan sa kullum yana kisa. Ana haɗa shi da folik asid, ana duba jini da hanta lokaci-lokaci, yakan ɗauki mako 6 zuwa 12 kafin a ga aikinsa. Mai ciki ko mai neman ciki ko mai shayarwa ba ta shan sa, don haka ki faɗa wa likita gaskiyar shirinki, akwai wasu kamar haidroksikulorokwin da salfasalazin da ake iya ba ki. Idan an kai ga alluran toshe TNF, dole a fara duba tarin tibi da ciwon hanta, domin TNF ɗin da yake cin gaɓarki shi ne yake tsare ƙwayar tibi a kurkuku a cikin huhun mutane da yawa a ƙasarmu. Idan kuma wata rana gaɓa ɗaya ta yi zafi jau ta kumbura tare da zazzaɓi, ko kika ga baƙin bayan gida kamar kwalta, a ranar za ki je asibiti, ba washegari ba.

Kafin nan, ki riƙa jiƙa hannuwanki a ruwan ɗumi da asuba kina buɗe yatsu kina rufewa a hankali, ki yi alwalar da ruwan ɗumin. Ranar da za ki koma wajen likita ki tafi da ledar haɗin nan yadda take don ya ga kowace ƙwaya da idonsa, ki gaya masa tun yaushe kike sha. Daga gobe kuma ki fara rubuta minti nawa hannun yake ɗauka kafin ya saki kowace safiya, domin da wannan lissafin za a gane ko maganin da za a ɗora ki a kai ya fara aiki.